Kafa Reshen Ƙungiyar Ɗalibai da Neman Amincewar Hukuma: Waiwaye Daga Kinkinau, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Kinkinau, ko a Unguwar Mu'azu da Tudun Wada da ke kusa da ita cikin garin Kaduna, ya san cewa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna daga cikin masu kama haya a waɗannan unguwanni. Ita wannan kwaleji ta faro ne a 1956 a matsayin makarantar koyon sana'o'i, ta sami sunanta na yanzu a 1968, jihohin Arewa suka riƙe ta tare har zuwa 1991 da Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Saboda haka tun asalinta matattara ce ta 'ya'yan garuruwa dabam-dabam. Baƙo kuwa, in ya sauka a garin da ba shi da kowa, abin da ya fara nema shi ne ɗan garinsu, ko mai addininsa, ko wanda suke karatu iri ɗaya. Daga hirar ƙofar gida bayan sallar isha'i sai a koma taron mako-mako, daga nan sai a ji wani ya ce, me zai hana mu buɗe reshen ƙungiyarmu a nan?

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hanyar da ake bi daga waccan hira ta ƙofar gida har zuwa ranar da za a ce reshe ya kafu, hukuma ta san da zamansa. Batun yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin a manyan makarantunmu tarayyar da ba ta da rajista tana iya jawo wa 'ya'yanta zargin shiga ƙungiyar asiri, zargin da kan kai ɗalibi ga kora bayan iyayensa sun sha wahalar biya masa kuɗin makaranta. Za a fara da duba tushen al'amarin a al'adar Hausawa, sa'an nan a leƙa Amurka inda aka fi tsara shi, a dawo gida Nijeriya, kana a jero matakan ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Reshe da Uwa a Tunanin Bahaushe

Kalmar reshe da kanta ta ɗauke mana rabin bayani. Reshe ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai da gindi. Don haka idan an ce reshen ƙungiya, ana nufin jama'ar da suka ɗauki suna da manufa da dokokin wata babbar ƙungiya, wadda muke kira uwar ƙungiya, suka aiwatar da su a wani wuri na dabam bisa izininta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A ɗariƙun sufaye, kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya, mutum ba ya tashi haka kawai ya ce shi muƙaddami ne, ya riƙa ba da wuridi. Sai ya sami ijaza daga shehin da shi ma yake da ijaza, a bi salsala har zuwa tushe. Zawiyar da muƙaddami mai ijaza ya buɗe, reshe ce ta gaskiya. Wadda ba ta da wannan igiya, jama'a ba su sakankancewa da ita. A wajen masu sana'a kuma akwai wani salon. Mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, wanzamai suna da Sarkin Aska, amma sarautar ba ta cika sai sarkin gari ko hakimi ya yi naɗi. Haka samarin ƙauye suke da Sarkin Samari wanda dagaci ya san da shi, shi ake nema in za a yi gayya ko in wani abu ya ɓaci. A Jumhuriyar Nijar, bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki wannan tsohon tsari na samariya ta mayar da shi ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya.

Idan aka haɗa waɗannan misalai za a ga amincewa iri biyu ce. Akwai ta uwa, wadda ke cewa lalle wannan namu ne, kamar ijazar muƙaddami. Akwai kuma ta mai gari, wadda ke cewa mun yarda ya zauna a ƙasarmu, kamar naɗin Sarkin Pawa. Reshen ƙungiyar ɗalibai yana bukatar duka biyun: takardar uwar ƙungiya da takardar hukumar makaranta. Yawancin rikicin da ake samu yana tasowa ne daga samun ɗaya a rasa ɗaya.

3.0 Yadda Abin Yake a Amurka

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai waɗanda ake raɗa wa suna da haruffan Girkanci. Ta farko ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa a 1776 a Kwalejin William da Mary ta jihar Bajiniya. Ta ba da takardar izini aka buɗe mata reshe a Yale a 1780, da wani a Harvard a 1781. A cikin 1781 ɗin yaƙin neman 'yancin Amurka ya tarwatsa uwar ƙungiyar, sai waɗannan rassa biyu suka riƙe sunan har ya kawo yau. Watau reshe ne ya raya uwa, kuma da ba a yi abin a rubuce ba da ƙungiyar ta bi ruwa. A 1906 ɗalibai baƙar fata suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell, a 1914 kuma aka kafa Phi Beta Sigma a Jami'ar Howard, wadda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka shiga lokacin da suke karatu a Amurka.

Hanyar buɗe sabon reshe a can tana da hawa uku. Da farko ɗalibai masu sha'awa sukan haɗu su rubuta wa uwar ƙungiya, ko kuma ita uwar ta aiko da wakilanta su nemi mutane, bayan jami'a da majalisar ƙungiyoyin da ke cikinta sun yarda a ƙara wata. Hawa na biyu shi ne zaman gwaji. A wannan lokaci ana kiran taron da wata kalma mai ma'anar tunga, watau sabon mazauni da bai zama gari ba tukuna. 'Yan tunga sukan yi shekara ɗaya ko biyu suna ƙoƙarin cika sharuɗɗa: yawan mutane ya kai adadin da aka yanka, sakamakon jarrabawarsu ya yi kyau, asusu ya zauna da gindinsa, a sami tsofaffin ɗalibai masu sa ido. Hawa na uku shi ne su rubuta takardar roƙo mai ɗauke da bayanin duk abin da suka yi, majalisar uwar ƙungiya ta jefa ƙuri'a, in an yarda a yi bikin miƙa takardar izini.

Duk da wannan tsari ba su tsira daga aibu ba. Azabtar da sababbin shiga da tilasta musu shan giya ya yi sanadin mutuwar ɗalibai da dama, har a watan Disamba na 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuffuka a fili.

4.0 Ƙungiyoyin Ɗalibai a Nijeriya

A 1952 wasu ɗalibai bakwai na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates da nufin yaƙi da ƙabilanci da kwaikwayon Turawa ido rufe. Daga baya aka sami ɓaraka da kishiyoyi: Buccaneers ta ɓalle a 1972, Black Axe ta ɓulla a Jami'ar Benin a 1977. Gasar da ke tsakanin irin waɗannan ƙungiyoyi ta rikiɗe ta zama ta makami. Ita Pyrates ta sanar da janyewa daga harabar makarantu a 1984, amma ɓarna ta riga ta yi nisa. A ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Wannan tarihi ne ya sa kalmar 'yan'uwantaka, wadda a Amurka take nufin ƙungiya mai ofis da rajista, a nan take sa gaban shugaban makaranta ya faɗi.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙungiyoyin da suka bi hanyar fili. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, MSS, an kafa ta a Legas a 1954, Lateef Adegbite ne shugabanta na ƙasa na farko. Tsarinta ya sauko ne daga matakin ƙasa zuwa shiyyoyi biyu, ta Arewa da ta Kudu, zuwa jiha, zuwa yanki, har ya iso ga reshe a cikin makaranta. Ƙungiyar Ɗalibai Kirista, FCS, an kafa ta a Gindiri a 1957, ita ma ta bazu cikin makarantun Arewa ta hanyar rassa. Ban da waɗannan akwai ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, da na sashen karatu, da ƙungiyoyin Hausa masu shirya makon Hausa da wasan kwaikwayo.

Hukuma ba ta saki jiki da ko waɗannan ɗin ba, kuma tana da dalilanta. Bayan zanga-zangar watan Afrilu na 1978 kan ƙarin kuɗin abinci da na kwana, wadda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS. Sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta. A watan Maris na 1987 saɓani tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya tsallake katangar makaranta, wutarsa ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1989 aka kafa Doka ta 47, wadda ta ce shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama ne, ta kuma bai wa hukumar makaranta ikon haramta duk ƙungiyar da bincike ya nuna ayyukanta suna barazana ga tsaro ko zaman lafiya. Tsarin Mulki na 1999 ya zo ya daidaita ma'auni: sashe na 40 ya tabbatar da 'yancin taro da kafa ƙungiya, sashe na 38 kuma ya fayyace cewa 'yancin addini da tunani bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. A tsakanin waɗannan sassa biyu duk wani sabon reshe yake neman wurin tsayawa.

5.0 Matakan Kafa Reshe

Bari mu ƙaddara wasu ɗalibai 'yan jiha ɗaya, mazauna Kinkinau, suna so su buɗe reshen ƙungiyar ɗaliban jiharsu. Ƙa'idoji sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kowace tana da nata a littafin jagoran ɗalibai, amma ƙashin bayan abin ɗaya ne.

5.1 Taron Share Fage

Mataki na farko shi ne a kira taro a fili, da rana, a wurin da kowa ya sani, a rubuta sunayen mahalarta da abin da aka tattauna. Wannan rubutu shi ne shaidar haihuwar reshen. A nan akan naɗa kwamitin riƙo mai mutum kaɗan, a kuma faɗa masa ranar da wa'adinsa zai ƙare. In ba a yanka wa'adi ba, riƙo yakan zama gado.

5.2 Neman Yardar Uwar Ƙungiya

Kwamitin riƙo zai rubuta wa uwar ƙungiya ta hannun matakin da ya fi kusa da shi, kamar reshen jiha ko na yanki. Uwa takan aiko da wakili ya ga mutanen da idonsa, ya tabbatar ba a riga an sami wani reshe a makarantar ba, sa'an nan ta ba da kundin dokokinta da takardar gabatarwa zuwa ga hukumar makaranta. Wannan ita ce ijazar reshe. Amfaninta ga uwa shi ne kare sunanta, domin duk abin da reshe ya aikata, ita za a kira.

5.3 Rubuta Dokokin Reshe

Nan ne ake yawan yin sakaci, a ari kundin wata ƙungiya a sauya suna kawai. Dokoki nagari dole su amsa tambayoyin da za su taso ranar da zumunci ya yi sanyi. Wane ne ya cancanci shiga, kuma ta yaya mutum zai fita in ya ga dama? Waɗanne muƙamai ake da su, kuma wata nawa mai muƙami zai yi? Wa ke shirya zaɓe? Nawa ne kuɗin ƙa'ida, a hannun wa yake zama, mutum nawa ne za su sa hannu kafin a fitar da shi daga banki? Wa ke binciken ma'aji? Ta wace hanya ake tsige shugaba, ta wace hanya ake gyara doka? In reshe ya mutu, ina kayansa za su? Batun 'yancin fita yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ne babban abin da ya raba ƙungiyar fili da ta asiri: ta fili ana shiga ana fita, ta asiri kuwa ƙofarta ta shiga ce kawai. Har wa yau, dokokin reshe ba za su saɓa wa na uwa ko na makaranta ba.

5.4 Samun Malami Mai Ba da Shawara

Makarantu sukan shar'anta a sami malami ko babban ma'aikaci daga cikin makarantar wanda ya yarda a rubuce zai riƙa sa ido. Ya kamata a bambanta shi da uban ƙungiya, wanda galibi attajiri ne ko mai sarauta ko ɗan siyasa da ake zuwa wurinsa neman gudummawa. Uban ƙungiya yana ba da kuɗi, malami kuwa yana ba da sunansa da mutuncinsa jingina, shi ya sa malamai masu hankali ba su sa hannu sai sun karanta dokokin sun san yaran.

5.5 Miƙa Takardu ga Sashen Harkokin Ɗalibai

Ana rubuta takardar neman rajista zuwa ga shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai. Akan haɗa ta da kundin dokoki, da takardar uwar ƙungiya, da ta malami mai ba da shawara, da sunayen shugabanni da 'yan ƙungiya tare da lambobinsu na ɗalibta da sassan karatunsu, da tsarin ayyukan shekara, da rasiɗin kuɗin rajista. Daga nan takardun sukan bi ta ofishin tsaro na makaranta domin tantance mutanen. Abin da hukuma take nema ta gani abu uku ne: manufa a fili, mutane a fili, kuɗi a fili. Duk ƙungiyar da ke da rantsuwar ɓoye, ko taron tsakar dare a daji, ko sunayen da ba na yanka ba, ta faɗi tun a nan, balle ga shi makarantu da yawa suna sa sabon ɗalibi ya yi rantsuwar ba zai shiga ƙungiyar asiri ba tun ranar da aka karɓe shi.

5.6 Zaɓe da Ƙaddamarwa

In takardar amincewa ta fito, kwamitin riƙo zai shirya zaɓe ya sauka. Sa'an nan a yi bikin ƙaddamarwa, wakilin uwar ƙungiya ya rantsar da shugabanni a gaban wakilin makaranta. A wannan rana ce igiyoyin nan biyu suke haɗuwa wuri ɗaya. Daga nan reshe yana da damar neman ɗakin taro, da liƙa sanarwa a allon makaranta, da gayyatar baƙo mai jawabi bayan an nemi izini. Amincewar kuwa ba ta har abada ba ce: a makarantu da yawa ana sabunta ta kowace shekarar karatu, tare da miƙa rahoton ayyuka da na kuɗi da sunayen sababbin shugabanni.

6.0 Rajistar Gwamnati

Ɗalibai sukan rikita rajistar makaranta da ta Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, CAC. Wannan ta biyun aikin uwar ƙungiya ce. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ƙungiya takan naɗa amintattu, ta buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, kafin a ba ta takardar shaida. Da wannan takarda take iya mallakar fili da shiga shari'a da sunanta. Amma takardar Abuja ba ta buɗe ƙofar makaranta. Ƙungiya tana iya zama halattacciya a idon gwamnati, alhali makaranta ba ta yarda ta yi taro a harabarta ba.

7.0 Wasu Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ta zama a wajen makaranta. Ikon shugaban makaranta ya tsaya a bakin ƙofarta, amma rayuwar ɗalibin da ke haya a Kinkinau tana gudana ne a cikin unguwa. Taron da ake yi a ɗakin haya, ofishin harkokin ɗalibai ba ya ganinsa. Mai gida da maƙwabta da 'yan sintiri su ke gani, kuma in ba su san dalilinsa ba za su fassara shi yadda suka ga dama. Hikima ita ce shugabannin reshe su kai gaisuwa wurin mai unguwa da limami ko fasto, su nuna takardarsu. Da ɗan gari akan ci gari.

Ta biyu ita ce gajeren zango. Ɗalibin difloma shekara biyu yake yi, ya tafi aikin koyon sana'a na shekara guda kafin ya dawo babbar difloma, in ma ya dawo. Shugabanni sukan tafi da fayil da hatimi da lambar asusu, waɗanda suka biyo baya su fara daga tushe. Maganin wannan shi ne takardar miƙa mulki, da ajiye kwafin kome a wurin malami mai ba da shawara.

Ta uku ita ce hannun 'yan siyasa. Wannan ma tsohon zance ne: Jam'iyyar Mutanen Arewa da ta yi babban taronta a Kaduna a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, a 1951 ta zama jam'iyyar siyasa. Sauyin manufa ba laifi ba ne in 'yan ƙungiya ne suka yanke shi a fili. Abin gudu shi ne a wayi gari reshe ya dāre biyu, kowane ɓangare da ubangidansa, kowane yana iƙirarin shi ne mai rajista.

Ta huɗu tana wuyan hukuma. In takarda ta yi wata da watanni a kan tebur ba amsa, ko aka ƙi ta ba tare da faɗin dalili ba, ɗalibai ba su daina taruwa, sai dai su koma inda ba a ganinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kafa reshe ya ginu ne a kan amincewa biyu, ta uwa da ta mai gida, kuma Bahaushe ya san duka biyun tun kafin zuwan boko, a zawiya da kuma a fada. An ga yadda tarihin 1978 da 1987 da 1999 ya sa hukuma take tsananta bincike, an kuma jero matakai shida daga taron share fage zuwa ƙaddamarwa. Shawarar da za a bayar ita ce makarantu su sa wa'adin amsa takardar neman rajista, su riƙa faɗin dalili in sun ƙi, su kuma liƙa jerin ƙungiyoyin da suka amince da su a farkon kowace shekara domin sabon ɗalibi da mahaifinsa su san inda za a sa ƙafa. Su kuma ɗalibai su riƙe rubutu da hannu biyu, domin ɗalibi baƙo ne, gobe zai wuce, takarda ce za ta tarbi na baya.